RA'AYINMU: Hanyar Ruwan Sama Daban, Ta Ƙazanta Daban

Kowace shekara idan Agusta ta kama, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sai ka ji kuka iri ɗaya daga garuruwanmu: shadda ta cika ta tumbatsa, rijiya ta sauya wari, yara sun kwanta da gudawa. A ganinmu babban dalilin wannan shi ne yadda muke barin ruwan sama yana cakuɗuwa da ruwan bayan gida, alhali kowannensu yana da hanyarsa.

Bari mu fara da yadda abin yake a manyan birane. A birnin da aka shimfiɗa bututun kwashe ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, akan auna faɗin bututun ne gwargwadon abin da gidaje za su zubar. Ruwan sama kuwa yana shiga ta hanya biyu. Ta farko ita ce kwarara kai tsaye, wato idan mai gida ya haɗa indararonsa da bututun, ko aka sace murfin ramin da ke kan titi, kamar yadda aka sha fama da shi a Abuja. Ta biyu ita ce tsattsafowa, inda ruwan da ƙasa ta sha yake kutsawa a hankali ta tsagar bututu ko ta mahaɗar da ta saki. Idan bututu ya cika, ƙazanta takan dawo cikin gidaje da tituna, matatar da ake kai ta kuma aiki ya fi ƙarfinta. Don haka injiniyoyi suke hura hayaƙi cikin bututu su ga inda zai ɓullo, ko su zuba rini a indararo su bi sawunsa, ko su zura kyamara su nemo tsaga su toshe.

Birnin Landan ya isa misali. Bayan mugun warin da ya tashi daga kogin Tems a 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya gina musu magudanai, amma sai aka haɗa ruwan sama da ƙazanta a hanya ɗaya. Da jama'a ta ƙaru, ruwa kaɗan ya isa ya sa su amayar da ƙazanta cikin kogi, har sai da aka haƙa sabon rami mai tsawon kilomita 25, aka gama haɗa shi a 2025. Gyaran kuskuren gini ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

To, ina ruwan mutumin Utai da wannan? Ai babu irin wannan bututu a Utai, haka ma a Wudil hedkwatar ƙaramar hukumar. Abin da ke akwai shi ne masai da sokawe da lambatu. Amma ciwon ɗaya ne. Ga lissafi mai sauƙi: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Ashe ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, zai zubo lita 3,000 a dare ɗaya. Idan indararo ya fuskanci bakin sokawe, ko murfinsa ya tsage, ramin da ya kamata ya yi shekaru sai ya cika a damina guda, abin da ke ciki ya bi ƙasa ya tarar da rijiya. Akwai kuma mummunar ɗabi'ar masu jiran hadari ya haɗo su buɗe ƙazantarsu cikin lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan maƙwabci, ko fadamar da ake noman kayan miya, ko kogin Wudil. Wanda ya ga halin da rafin Jakara yake ciki a birnin Kano ya san ƙarshen wannan hanya.

Kada a ɗauka wasa ne. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kano kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Saboda haka muna kira ga hukumar Wudil da ta ƙarfafa duba-gari, su zaga tun kafin ruwan fari. A juya kowane indararo ya bar bakin shadda, a ɗaga bakin rami ya fi tsakar gida tudu, a liƙe murfi da siminti, a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, a yashe lambatu a kan lokaci. Masu unguwanni da limamai su ja kunnen masu sakin ƙazanta ran ruwa.

Mu kuma ɗalibai, musamman na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka kafa a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, da 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata masu sa hannu a takardar izinin gini, nauyin yana wuyanmu. Utai ba ta riga ta binne bututu ko ɗaya ba, don haka tana da damar da Landan ta rasa. Tun ran gini ran zane. Duk ranar da za a zana wa garuruwanmu magudanai, a ware wa ruwan sama hanyarsa, ƙazanta ma tata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga annoba, amin.