Panadol Ba Goro Ba Ne

Jama'a, a wannan karon ba da gwamnati zan yi faɗa ba, ba kuma da hukumar jami'a ba. Da mu zan yi, mu ɗalibai da yayyenmu da suka gama suka kama aiki a sakatariya, mu da ake kira 'yan boko, manyan gobe. Laifinmu kuwa shi ne mun mai da farasitamol goro. A ɗakin kwana ana miƙa shi kamar yadda ake miƙa wa baƙo ɓarin goro, a ofis yana cikin aljihun tebur tare da biro, lokacin jarrabawa kuwa sai ka ga mutum ya watsa uku ko huɗu a baki ya kora da shayi, wai don kansa ya washe. Ka tambaye shi ƙwaya nawa ya sha tun asuba, sai ya dube ka kamar ka ce ya ƙidaya gashin kansa.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Farasitamol magani ne nagari, mai araha, wanda duniya ta daɗe da jarrabawa. Tun 1956 ake sayar da shi a Ingila da sunan Panadol, a Amurka kuma da Tylenol aka fi saninsa. Yana sauke zazzaɓi, yana kwantar da ciwon kai da na haƙori, ba ya kuma cin ciki kamar asfirin. Amma yana da iyaka, iyakar kuwa ba boyayya ba ce, tana nan rubuce a jikin kwali. Babban mutum ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa 4 kafin ya sake, kada kuma ya wuce ƙwaya 8, wato giram 4, cikin awa 24. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da mashayin giya, da wanda yunwa ta rame shi, nasu bai ma kai haka ba, sai abin da likita ya yanka masu. Abin kunya ne a ce ɗalibin da ke haddace littafi guda cikin dare ya kasa karanta layi uku a bayan kwali.

Wani zai ce shi bai taɓa wuce takwas ba. To, ɗan'uwa, ka tabbata? Ka sha Panadol da safe saboda ciwon kai. Da rana mura ta taso, ka sayi maganin mura a kemis, alhali da yawa daga cikin magungunan mura farasitamol ne aka haɗa da wasu abubuwa. Da yamma aboki ya ba ka Panadol Extra, wanda shi ma farasitamol ne aka ƙara masa sinadarin kafin, irin na gahawa. Suna uku, kwali uku, launi uku, amma abu ɗaya ne ke taruwa a hanta ɗaya. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe na kasuwa ne. Abin da ya kamata ka nema shi ne ƙananan baƙaƙen da ke faɗin abin da ke ciki.

Ga yadda ɓarnar take. Hanta ce ke sarrafa wannan magani, kuma a cikin aikin nan wani ɗan kaso nasa yakan juye ya zama guba. Allah ya tanadar wa hanta wani sinadari, gulutatiyon, mai kashe kaifin gubar. In an sha bisa ƙa'ida, tanadin ya isa. In an zarce, sai tanadin ya ƙare, gubar ta shiga cin hantar kanta. Muguntar abin ita ce sarin ka-noƙe yake yi. A rana ta farko mai yiwuwa tashin zuciya kaɗai mutum zai ji, ko ma ya ji garau, ya je lacca, ya yi ƙwallo. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya kama gefen dama na ciki, ido ya yi ɗorawa, a ce ai shawara ce, a nufi wajen mai saiwa. Akwai makari a asibiti, sunansa asetilsistin, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka duk wanda ya san ya zarce ƙima, ko ya ga wani ya zarce, da gangan ne ko da kuskure, asibiti za a nufa nan take, a riƙe kwalin a hannu. Ba a jiran alama, ba a kuma dogara da madara ko manja. Mu tuna fa, ciwon hanta iri na B ya yawaita a ƙasar nan, kuma da yawa masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba.

Wannan ke nan. Ɓarna ta biyu ta fi ta farko yawa a tsakaninmu. Ruwa ba ya tsami banza, zazzaɓi ma haka: ɗan aike ne, ya zo faɗa maka akwai ɓarawo a gida. Farasitamol ɗan aiken yake rufe wa baki, ɓarawon yana nan. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya taɓa taifot, balle sanƙarau, wanda a 1996 ya hallaka dubban mutane a Arewa. Zazzaɓin da ya kwana uku, ko wanda ya zo da sanƙarewar wuya, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko gushewar hankali, ya wuce shagon kemis. Gwajin jini yake so da idon likita. Wanda kuma ya mai da maganin ciwon kai abincin kullum, ya sani yawan shan nasa kansa yana haddasa ciwon kai, sai ya zama yana biyan kuɗi yana sayen cutarsa.

Mu ne kuma ake tambaya in mun je hutu, a ce ɗan makaranta ya zo, duba mana yaron nan. Na yaro bisa shekaru da nauyi ake auna shi, da cokalin da ya zo cikin kwali, ba da ludayi ko ɓantaren ƙwayar manya ba. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita. A kuma duba inda aka sayo. A 1990 yara 47 suka mutu a Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sa wa a man birki. A 2008 aka maimaita da My Pikin, maganin fitar haƙori, yara fiye da 80 suka tafi, ga shi kuwa tun 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. In haka ta faru da abin da ya fito daga masana'anta, ina ga wanda ya wuni a rana bisa tire a tasha, babu kwali, babu ranar lalacewa, mai tallan kuma yana haɗa maka ja da fari da kore a ƙullin leda?

Ingila, inda likitoci suka fi namu yawa nesa ba kusa ba, tun 1998 ta taƙaita ƙunshin farasitamol: ƙwaya 16 a kanti, 32 a shagon masana magani. Mu nan yaro ɗan shekara bakwai za a aika ya sayo kati biyar, ba mai ce masa don me. Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba. A nemi asibitin jami'a ya riƙa duba marasa lafiya da dare a makonnin jarrabawa, domin a lokacin ne aka fi haɗiyar ƙwaya ba lissafi. A hana tallan magani a tire a harabar makaranta. 'Yan'uwanmu na sashen harhaɗa magunguna kuma, da suka fi mu sanin wannan duka suka yi gum, su rubuta ƙa'idar da Hausa a manna a ƙofar kowane ɗakin kwana, kusa da jadawalin jarrabawa inda ido ba zai kauce mata ba.