Uwargida, Makullin Kwamfutar Gidanki Yana Hannun Wa?

A wannan watan da tonon asirin kaina zan fara, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ana saura mako biyu walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Ƙofar Dawanau, na taho gida da kwamfutar makaranta don in ƙarasa shigar da sakamakon ɗalibai. Ina kicin, ɗana ya sa mata wasan da ya kwafo a filash ɗin abokinsa. Washegari ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce sai an wanke ta, ni kuwa na ce a wanke, ban san wankin nan har da sunayen yara da makinsu zai tafi ba. Kwana huɗu muka yi da malamai muna bin tsofaffin rajista. Na so in ɗora wa yaron laifi, amma da na natsu sai na ga amana ce aka ba ni, na riƙe ta ba da ilimi ba.

Daga nan na shiga karatu. Abin da na fara fahimta shi ne kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ita ce uwargidan na'urar. Ita ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki, ita ke tsara ajiyar fayil, ita ke magana da firinta da filash, ita kuma ke yanke wa aka yarda ya taɓa me. Windows uwar manhaja ce. Haka Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Android ɗin da ke cikin wayarki ma a kan Linux aka gina ta.

To, wane littafi za ki ɗauka? Ki tuna yadda muka yi karatun fiƙihu: Ahalari tukuna, sannan Ishmawi, sannan Iziyya, kafin a kai Risala. Nan ma haka ne. Mai farawa ta nemi Windows for Dummies na Andy Rathbone, wanda ya dace da irin Windows ɗin da ke kwamfutarta. Turancinsa mai sauƙi ne, ga hotuna. Wadda ta yi nisa ta sauko da The Linux Command Line na William Shotts, kyauta yake a intanet. How Linux Works na Brian Ward kuwa shi ne Risalar, a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari. Idan Turanci na ba ki wahala, ki zaunar da 'yarki ta sakandare tana biya miki kina gwadawa. Shafi biyu bayan sallar isha'i sun wadatar, amma da kwamfutar a gabanki, domin karatun nan ba ya zama sai hannu ya taɓa.

Ga abubuwa huɗu da na tsinta, waɗanda da na san su tun farko da ban sha waccan wahala ba.

Na farko, ki raba akawun. Naki ya zama na admin, mai kalmar sirri da ke kaɗai kika sani. Yara ki buɗe musu na gama-gari. Mai irin wannan akawun ba ya iya canza manyan saitin na'ura ko buɗe foldarki sai da kalmar sirrinki. Ai ba kya bar wa yaro makullin sito.

Na biyu, duk abin da rasa shi zai sa ki kuka, ki ajiye kwafinsa a filash ko a intanet, duk Juma'a.

Na uku, ki san shekarun manhajarki. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Yawancin tsofaffin kwamfutocin kwance ba sa ɗaukar Windows 11, amma ana iya sa musu Ubuntu ko Linux Mint kyauta, su ci gaba da aiki.

Na huɗu, kafin mai gyara ya taɓa, ki ce ya fara kwashe miki fayilolinki, a gabanki. Akwai hotunan iyali da ba su kamata su kwana a shagon kowa ba.

'Yar uwa, kada ki ce wannan harkar maza ce. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu kuwa a gida suke fara taɓa ta. In uwa ba ta san ƙofofin na'urar ba, wa zai tsare su?

Ki gwada buɗe wa yara akawun nasu a wannan makon, ki rubuto mana yadda kuka ƙare. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.