Babur ɗinka na farko: kada ka saye shi kamar yadda kake sayen waya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, matasa da yawa da ke mafarkin mota sun koma lissafin babur. Ba laifi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke zaɓensa. Mun saba da sayen waya: a duba girman RAM, a duba kyamara, a kalli bidiyo biyu a YouTube, a biya kuɗi. Sai ga shi mun ɗauko wannan ɗabi'a mun kawo ta kasuwar babur, inda lambar da ta fi ɗaukar ido ita ce cc, wato girman inji.

A ganina, wanda bai taɓa mallakar babur ba kada ya wuce cc 100 zuwa 125. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masu kallon manyan babura a TikTok. Amma sabon mahayi bai gama sanin hannunsa ba. Zai saki kulochi da ƙarfi, zai murɗa totur fiye da yadda ya yi niyya, zai danne birkin gaba a kan yashi. Kowa ya yi irin wannan. A kan ƙaramin inji, kuskuren yakan tsaya a ƙujewar gwiwa da dariyar 'yan unguwa. A kan inji mai cc 200 ko fiye, mai nauyi da saurin zabura, kuskuren nan ɗaya yana iya kai mutum asibitin ƙashi. Ga kuma shan mai, wanda gudunsa ne ya kawo ka wajen babur tun farko.

Kafin ka je wajen dillali, fara zuwa wajen bakaniken unguwarku. Tambaye shi wane babur ya fi gyarawa, kuma kayan gyaran wanne ake samu a shagon da ke kusa. Amsar da za ka ji ba za ta wuce irin su Bajaj Boxer, TVS HLX, Haojue, Jincheng ko Honda Ace ba. Dalilin da ya sa 'yan acaba a Najeriya da 'yan kabu-kabu a Nijar suka riƙe irin waɗannan shi ne su suka fi kowa wahalar da babur, kuma duk ranar da ya kwana a gareji sun rasa na cefane. Wani abokina ya ƙi jin wannan shawara, ya sayo wani kyakkyawan babur da babu mai irinsa a garinmu. Wata uku ya yi yana burge mutane. Da wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikin injin, sai da babur ɗin ya yi kusan wata biyu a jingine a zaure ana jiran saƙo daga Legas.

To, roba-roba fa? Idan zirga-zirgarka daga gida zuwa makaranta ce ko wurin aiki, a kan kwalta, roba-roba ta wadatar, kuma ta fi sauƙin koyo tunda yawancinsu ba su da kulochin hannu. Matsalarta ramuka da hanyar ƙauye, sannan robar jikinta ba ta jure faɗuwa.

Ga masu sayen na hannu, a nan ake shiga uku. Kamar yadda kake duba IMEI kafin ka karɓi tsohuwar waya, haka za ka duba lambar inji da lambar shasi, ka tabbatar sun yi daidai da abin da ke rubuce a rasit da takardu. Idan ka ga alamar an kankare lamba ko an sake buga ta, juya ka tafi komai arahar. Babur ɗin sata idan aka kama shi a hannunka, kai ne za ka yi bayani a ofishin 'yan sanda. A rubuta takardar ciniki da shaidu, ka ɗauki hotonta da wayarka. Sannan ka je da bakanikenka da sassafe, a tayar da injin yana sanyi, domin inji mai matsala yakan ɓoye halinsa idan ya ɗumama. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa na nufin yana ƙona baƙin mai.

Kuɗin babur ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai lamba, lasisi, inshora, da hular kwano. Tun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya hular, amma duba titi ka ƙirga masu ita. Muna sayen gilashin kariya da rigar roba don wayar da za a iya maye gurbinta gobe, mu bar kai a buɗe saboda zafi ko don kada a ce mun cika tsoro. Sayi mai rufe haɓa, ka riƙa ɗaure igiyarta; wadda ba a ɗaure ba tashi take kafin kai ya isa ƙasa. Ka kuma binciki dokar garinku. A Kano, misali, an hana acaba tun farkon 2013, kuma jihohi da dama sun sha sanya wa babura dokar lokaci saboda tsaro.

Na'urorin zamani kuwa, guda biyu ne nake ganin sun cancanci kuɗinka. Na farko ƙaramar na'urar bibiya mai layin waya a ciki, wadda ke nuna maka inda babur yake a taswira. A ɓoye ta sosai, kuma kada ta hana ka sayen kwado da sarƙa. Na biyu wurin cajin USB, wanda wasu samfurorin TVS ke zuwa da shi. Maƙalar waya a kan hannun babur tana da amfani don taswira, amma ga sabon mahayi fitina ce: saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya ɗauke idonka daga titi.

Babur mai lantarki yana tafe, kamfanoni irin su Spiro suna kafa wuraren musayar batir a ƙasashen Afirka da dama. Idan babu irin wannan wuri kusa da kai, kuma wutar unguwarku ko cajin waya ba ta cika yi ba, bari tukuna. Idan kuma sabon mai fetur ka saya, ka lallaɓa shi a makonnin farko, ka canza baƙin mai a daidai kilomitar da littafinsa ya faɗa.