Hutun 'Yan Ƙwallo da Haƙƙin Mai Kallo



Wata gardama ta daɗe tsakanin masu sha'anin ƙwallon ƙafa a ƙasashen Turai, watau ko ya halatta mai horar da ƙungiya ya ajiye gwanayensa su huta ran wasa, ya sa waɗansu a madadinsu. A watan Nuwamba na 2010 ƙungiyar Blackpool ta Ingila ta sauya mutum 10 daga cikin 11 ran da ta kara da Aston Villa. Hukumar gasar ta ci ta tarar fam 25,000. Hujjar masu goyon bayan tarar ita ce, wanda ya biya kuɗin ƙofa gwanaye ya zo gani, kuma ba a sayar wa mutum alkama a auna masa dusa. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan hujja tana da ƙarfi.

Amma fa jiki magayi. Madugun da ya ƙi sauke kaya a zango don ɗokin cin kasuwa, a hanya raƙumansa za su durƙushe. A watan Satumba na 2024 Rodri, ɗan Sifen mai yi wa Manchester City wasa, ya yi kukan yawan wasanni, ya ce 'yan wasa sun kusa yajin aiki. Mako bai cika ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Arsenal, ya yi watanni yana jinya.

To, ina tushen cutar? Hukumomin ne da kansu ke ƙara kaya. A 2024 aka mai da babbar gasar Turai ƙungiya 36, a 2025 kuma Fifa ta tara ƙungiya 32 a Amurka a daidai lokacin da aka saba hutu. Kowane wasa kuɗin talabijin ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. An dai yi sassauci guda: a 2020, zamanin annobar korona, aka yarda a sauya mutum 5 cikin wasa maimakon 3, aka tabbatar da dokar a 2022. Sai dai ƙungiya mai wadata ita ta fi morarta, don ita ke da gwanaye a ajiye.

Saboda haka dai wanda ya yawaita wasanni bai kamata ya ci tarar wanda ya hutar da ma'aikacinsa ba. Lafiyar ɗan wasa amana ce a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. In an rage wasanni, mai kallo ya ga gwanin da ya biya dominsa, gwani kuma ya daɗe yana cin abincinsa.

Allah ya sa a gane.