Hancin Jama'a Ba Wurin Gwajin Magani Ba Ne

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, sai masu motar lasifika su cika bakin kasuwa da tasha. "Maganin sanyin kai! Maganin mura mai naci! Sha yanzu, magani yanzu!" Su miƙo maka garin da ba ka san haɗinsa ba ka shaƙa, ko ruwan tafarnuwa a kwalba ka ɗiga a hanci. Majina ta ɓalle, hawaye ya zubo, mai magani ya washe baki: "Ka gani ko, Alhaji? Cutar ce ke fita!"

Wallahi ƙarya ce. Fatar cikin hanci ce ta ji ƙuna, take zubar da ruwa don kare kanta. Gobe kumburi ya ƙaru, hanci ya sake toshewa, ka koma ka ƙara saye.

Ciwon nan da likitoci ke kira sinusitis kumburi ne a kogunan ƙashin fuska: goshi, kumatu da tsakanin idanu. Yawanci ƙwayar cutar mura ce silarsa, kuma yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Nan kasuwar take: Allah ya kawo sauƙi, mai lasifika ya kwashe kuɗi da yabo.

Ban raina shayin citta da kanumfari da zuma ba, yana sassauta maƙogwaro. Ruwan gishiri da aka tafasa ya huce yana wanke hanci. Abin da ke ƙona min rai shi ne mutumin da ciwonsa ya wuce kwana 10, ko idonsa ya kumbura, ko zazzaɓi ya haɗu da sandarewar wuya, a ce masa "ƙara shaƙa". Ciwon na iya ratsawa zuwa ido ko ƙwaƙwalwa, ga shi kuma hunturu lokacin sanƙarau ne.

Ina hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da aka kafa tun 1993? Lambarta mai ƙarewa da harafin L ma shaida ce cewa an duba illar maganin, ba cewa yana warkarwa ba. Da yawan kwalaben nan ko ita ba su da. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallarsu su ma da hannunsu a ciki.

Jama'a, kada ku zuba wa hancinku abin da ba ku san asalinsa ba, balle hancin yaro. In alamun nan sun bayyana, asibiti za a nufa.