Tsadar siminti: Shin toka za ta iya rage wa mutanen karkarar Kano kuɗin gini?

Duk damina, gidajen ƙasa na rushewa a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi. Magidanta na son komawa ginin bulo, amma farashin siminti ya sha musu kai.

A farkon 2024 buhu mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya gana da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, inda aka amince ya koma tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Ga ƙaramin manomi, ko wannan ma ba sauƙi ba ne.

Hakan ya sa ake sake duba wata tsohuwar dabara: rage siminti a kwaɓin kankare, a cike gurbin da toka.

Yadda abin yake aiki

A Amurka da Indiya da China, ana tara lallausar tokar da ke bin hayaƙi a tashoshin lantarki masu ƙona kwal. Yawanci takan maye gurbin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na siminti.

Idan siminti ya haɗu da ruwa yakan saki wani sinadari dangin farar ƙasa. Sinadarin silika da ke cikin tokar sai ya haɗu da shi, su zama ƙarin abin da ke ɗaure yashi da tsakuwa. Kankaren yakan yi jinkirin yin ƙarfi, amma daga baya yakan fi hana ruwa ratsawa.

Matsalar ita ce Najeriya ba ta da babbar tashar lantarki mai aiki da kwal. A Nijar akwai ta kamfanin Sonichar a jihar Agadez, sai dai kuɗin dako daga can zai cinye ribar.

Ɓuntun shinkafa

Abin da Kano ke da shi a wadace shi ne ɓuntun shinkafa. Ana noman ta a kewayen madatsun Watari da Tomas, ga kuma injinan casa birjik a jihar.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma tokarsa na ɗauke da silika fiye da kashi 80 cikin 100.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maginan Hausa. Tun da daɗewa suke haɗa laso da katsin marina, wanda toka ke cikinsa, domin kare soro daga ruwa.

Inda gizo ke saƙar

Ba kowace toka ce ke yin wannan aiki ba. Sai an ƙona ɓuntun a zafin da ya kai digiri 500 zuwa 700, sannan a niƙa shi ya yi laushi kamar siminti. Wanda aka cinna wa wuta a juji yakan fito da gawayi, ya raunana gini.

Haka kuma kankaren yana buƙatar a daɗe ana ba shi ruwa, alhali a rani ake yawan gini, lokacin da ruwa ke wuya a ƙauye.

Babban haɗarin shi ne masu buga bulo da tuni suke tsawwala yashi su samu hujjar zuba tokar murhu. Wanda zai kwana a ciki shi ne mai gidan da ya sayar da gero da awaki ya yi ginin.

Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana gwajin irin waɗannan kayan maye gurbin siminti. Abin da ya rage shi ne gwamnatin Kano da Jami'ar Bayero da masu injinan casa su samar da wurin ƙona ɓuntu bisa ƙa'ida, hukumar SON ta riƙa gwada ingancinsa.

Kafin hakan ta samu, mai gini ya guji zuba toka a ginshiƙi ko dakin ba tare da shawarar injiniya ba.