Haddar Aikatau Ba Ɓata Lokaci Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama ajin Faransanci ya san irin gunagunin da ke tashi in malam ya juya allo ya fara jera aikatau. Wasu su ce wahalar banza ce, wasu su ce su dai a koya musu gaisuwa da ciniki ya ishe su. Da ni ma ina cikin masu wannan magana, har sai da abin ya ba ni kunya a hutun da ya wuce.

Kawuna falken albasa ne, yana aika kaya daga nan Sakkwato zuwa Abijan. Wata rana abokin cinikinsa ya aiko masa da saƙo a waya da Faransanci. Sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, ai kai ne ɗan boko, zo ka karanta mini." Na duba na ga kalmar kuɗi, na ga wata kalma mai kama da aikawa, sai na ce, "Kawu, ya ce ya aiko da kuɗin." Nan da nan Kawu ya aika wa manoma biyu su zo gobe su karɓi haƙƙinsu. Ashe mutumin cewa ya yi j'enverrai, wato zan aika. Da ya riga ya aika, j'ai envoyé zai rubuta. Manoman nan suka biya kuɗin mota suka zo, suka koma hannu wofi, kuɗi bai iso ba sai bayan mako biyu. Kawu bai yi mini faɗa ba, amma tun ran nan wani yake nema ya karanta masa. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da na koya shi ne, sanin kalma kaɗai ba ya isa. Ƙarshen aikatau shi ke nuna wanda ya yi aikin, da kuma ko an yi shi ko za a yi. Wanda bai san wannan ba, yana iya mai da alkawari ya zama biya.

Masu cewa wannan sarƙaƙiya ta Turawa ce kawai, su saurari bakinsu. Muna cewa na tafi, ka tafi, kin tafi, sun tafi. Mu Sakkwatawa har mukan ce munka tafi inda Bakano zai ce muka tafi. Dubi kuma saye. Ya sayi doki, ya saye shi, ya sayo, ya sayar. Tsakanin sayo da sayar akwai ribar mutum da asararsa, amma ba wanda ke ruɗewa, domin tun muna goye muke ji. Malaminmu ya ce mutanen ƙasar Folan sun fi Faransawa shan aiki: namiji in zai ce na karanta sai ya ce czytałem, mace kuwa czytałam, kuma 'ya'yansu ba su gudu ba.

Mu nan garin ma bai kamata abin ya zama baƙo gare mu ba. A makarantun zaure almajirai na haddace kataba, katabat, katabtu, wato ya rubuta, ta rubuta, na rubuta. Malam Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya wallafa littafi sukutum a kan sarrafa kalmomin Larabci mai suna Hisnur Rasin. In da abin wasa ne, da malami kamarsa bai ɓata tawadarsa ba.

Wani abokina ya kawo hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi. Ya ce a 2025 ƙasar Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to mu me za mu yi da Faransanci? Na yi murna da wannan ɗaukaka ta harshenmu. Sai dai dokar da ta yi haka ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni ta Illela tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. A kasuwa Hausa za ta fisshe ka, amma takardu da yawa da Faransanci suke. Haka Benin da Chadi da Kamaru, duk maƙwabtanmu ne masu aiki da shi.

Amma gaskiya ɗaya ce, masu gunaguni suna da tasu hujjar. Mukan rera jadawali kamar karatun aku, mu ci jarrabawa, in hutu ya zo mu manta. Ni kaina na taɓa rera envoyer a aji, ga shi bai cece ni gaban Kawu ba. Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa fara mana da Hausa, su nuna mana na aika da zan aika, sa'an nan su kawo na Faransanci kusa da su. Mu kuma ɗalibai kada mu haddace aikatau sai mun sa shi cikin jimla. Ni yanzu kowane dare bayan karatun dare nakan ɗauki aikatau ɗaya, in yi jimla uku da shi: ta jiya, ta yau, ta gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyayenmu kuma, in yaro ya zo hutu ya ce zai bar Faransanci don yana da wuya, ku tambaye shi wace sana'a ce ba ta da wuya. Ni dai burina hutu mai zuwa Kawu ya sake miƙo mini wayarsa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar